Lam Son 719: Yunƙurin Datse Hanyar Ho Chi Minh a Tsaunukan Laos

Da safiyar 8 ga Fabrairu, 1971, tankokin yaƙi da motocin sulke na sojojin Biyetnam ta Kudu suka ƙetare iyaka a Lao Bao suka shiga ƙasar Laos, suna bin wani tsohon titi da Turawan Faransa suka bari, wanda ake kira Titi na 9. A sama kuma jiragen Amurka masu saukar ungulu ne ke ta jigilar dakaru suna sauke su kan tuddan da ke dama da hagun titin. Inda aka nufa wani ƙaramin gari ne mai suna Sepon, wanda taswirorin soja ke rubutawa Tchepone, kimanin kilomita 40 daga iyaka. Garin kansa bama-bamai sun daɗe da mayar da shi kufai. Abin da ake so shi ne mararrabar da ke kewaye da shi, inda rassan hanyar Ho Chi Minh, wadda Biyetnam ta Arewa ke bi da makamai da sojoji zuwa Kudu, ke haɗuwa kafin su sake watsuwa su gangara kudu. Shirin shi ne a datse hanyar, a ƙone rumbunan makamai, a farfasa bututun mai, a kuma zauna daram a wurin har damina ta faɗi a watan Mayu. An sa wa farmakin suna Lam Son 719: Lam Son mahaifar Le Loi ce, gwarzon da ya kori sojojin Sin daga Biyetnam a ƙarni na 15, 71 shekarar ce, 9 kuma lambar titin.

Ko wata biyu ba a cika ba aka fito, kuma fitowar ba ta yi kyau ba. Kafin a gane dalili sai an fara sanin mece ce wannan hanya da aka tafi datsewa.

Hanyar da masu ita

Yarjejeniyar Janiba ta 1954 ta raba Biyetnam gida biyu a daidai kogin Ben Hai: Arewa a hannun 'yan kwaminis na Hanoi, Kudu a hannun gwamnatin Saigon da Amurka ke mara wa baya. Inda aka ja layin siririn wuri ne, matse tsakanin teku da tsaunukan Truong Son, don haka tsare shi ba wuya. Da Hanoi ta yanke shawarar tallafa wa masu tayar da ƙayar baya a Kudu, sai ta kafa wata runduna ta musamman a watan Mayun 1959, aka kira ta Rukuni na 559, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Vo Bam. Da fari 'yan ɗaruruwan mutane ne, suna ɗaukar bindigogi a doron baya suna bin sawun ƙafa cikin ƙurmi. Ba a jima ba suka ga ya fi musu sauƙi su tsallaka bayan tsaunukan, su bi ta ƙasar Laos, sannan su ɓullo cikin Kudu ta inda suka ga dama.

A 1962 aka sake zama a Janiba aka rattaba hannu cewa Laos 'yar ba-ruwanmu ce, kada sojan kowa ya taka ƙasarta. Hanoi ba ta janye mutanenta ba, kuma ba ta taɓa amsa cewa suna can ba. Amurka ta shiga ruwan bama-bamai da ɗaukar nauyin mayaƙan sa-kai ta hannun hukumar leƙen asirinta ta CIA, ita ma tana musantawa. Haka aka shafe shekaru ana yaƙi a ƙasar da kowa ya rantse ba ya cikinta.

Zuwa lokacin da Dong Sy Nguyen ya karɓi ragamar Rukuni na 559 a 1967, sawun ƙafar nan ya zama wani abu dabam. Motocin ɗaukar kaya ƙirar ZIL na Tarayyar Sobiyet sun maye gurbin 'yan dako da kekuna. Kaya na shigowa daga Arewa ta mashigan duwatsu irin su Mu Gia da Ban Karai, daga nan hanya ta yi rassa barkatai, wani na kwance kusa da wani, da ƙananan mahaɗai a tsakaninsu. In an toshe reshe ɗaya, a daren nan motoci su koma na gefensa.

Tsarin aikin shi ne ya fi ba ni mamaki. An yanyanka hanyar zango-zango, kusan yadda fataken da suke ratsa Sahara suka san daga wace rijiya zuwa wace rijiya za a kwana. Kowane zango, wanda suke kira binh tram, yana da injiniyoyinsa, da makanikai, da masu bindigogin kakkaɓo jirgi, da ɗakin shan magani, da ma'ajiyar kaya a ƙarƙashin ƙasa ko cikin kogo. Direba ba ya ɗaukar kaya daga farko har ƙarshe. Yankinsa kawai yake kai-komo a ciki, dare bayan dare, har ya haddace kowace kwana da kowane rami, ya iya tuƙi da 'yar fitila mai rauni da aka ɓoye a ƙarƙashin mota. Kafin gari ya waye ya shige maɓoya, a sauke kayan, wani direban ya ɗauka idan dare ya yi. A wasu wurare sukan ɗaure rassan itatuwa su haɗe ta sama, titi ya zama rumfa wadda matuƙin jirgi ba zai gani ba. A wasu mashigan ruwa sukan shimfiɗa gada ƙasa kaɗan da saman ruwa, hoton sama ya nuna kogi kawai. Daga 1968 suka fara shimfiɗa bututun mai, abin da ya rage musu jigilar ganguna. Sojojin da ake turawa Kudu kuwa a ƙasa suke tafiya, ta wasu burtalai dabam, watanni suna tafe, kuma zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da su da yawa tun kafin su ga abokin gaba.

Sai kuma masu gyara. Dubban mutane ne, da yawansu matasa 'yan sa-kai har da 'yan mata, zaune a gefen hanya da shebur da diga da kwando. Jirgi ya jefa bam da rana ya haƙa rami, su cike shi kafin motocin dare su iso. A mararrabar Dong Loc da ke cikin Arewa, bam ɗaya ya kashe 'yan mata goma daga cikin irin waɗannan ma'aikata a ranar 24 ga Yuli, 1968. Maƙabartar Truong Son da ke lardin Quang Tri tana ɗauke da kaburbura sama da 10,000 na waɗanda suka mutu a kan wannan aiki.

Shekarun ruwan wuta daga sama

Amurka ta fara jefa bama-bamai a Laos a ƙarshen 1964, ta ƙara ƙaimi a kan hanyar daga Afrilun 1965. Da Shugaba Lyndon Johnson ya dakatar da kai hari kan Biyetnam ta Arewa a farkon Nuwamban 1968, jiragen da suka samu sarari sai aka juyo da su kan kudancin Laos, a wani shiri mai suna Commando Hunt wanda ya ci gaba har 1972. An zuba fasaha iyakar zubawa. Jirage na yayyafa na'urori cikin ƙurmi, wasu su cake a ƙasa suna jin girgizar mota, eriyarsu an yi ta da siffar tsiro, wasu su maƙale a kan itace suna ɗaukar sauti. Saƙonsu na tafiya ta jirgin da ke shawagi zuwa wata cibiya a Nakhon Phanom cikin Tailan, inda kwamfutocin IBM ke tantance inda ayarin motoci yake. Daga nan a tura jiragen AC-130 masu na'urar gani cikin duhu, ko manyan jiragen jefa bam na B-52. Har gajimare aka riƙa yi wa feshin sinadari don a tsawaita damina hanya ta caɓe.

An yi ɓarna, babu musu. Direbobin Arewa sun ji jiki a hannun AC-130. Amma lissafin bai taɓa fita ba, kuma tun a Agustan 1967 Sakataren Tsaro Robert McNamara ya faɗa wa kwamitin majalisar dattawa dalili: abin da mayaƙan kwaminis a Kudu ke buƙata daga waje, ban da abinci, bai wuce kimanin tan 15 a rana ba. Motoci kaɗan ne za su ɗauki wannan. Buƙatar ta ƙaru daga baya, amma tushen maganar bai sauya ba. Mai kai hari sai ya tare kusan komai kafin a ji a jika, mai kawo kaya kuwa kaɗan ya tsira ya wadatar, ga Sobiyet da Sin suna mayar masa da duk motar da ta ƙone. A ranin 1970 zuwa 1971 rundunar saman Amurka ta ce ta lalata ko ta illata motoci sama da 20,000. Masu nazarin hotunan sama suka nemi gawarwakin motocin ba su ga ko kusa da haka ba, har ƙananan hafsoshi suka riƙa zancen wani dodon Laos da ke fitowa da dare yana cinye ƙonannun motoci. Abin takaicin shi ne a kan irin waɗannan alƙaluma manya suke gina shawara.

Me ya sa sai a 1971

Abu uku ne suka haɗu. Har zuwa 1970 Hanoi na da wata ƙofa ta biyu: jiragen ruwa su sauke makamai a tashar Sihanoukville ta Kambodiya, motoci su kai su bakin iyakar Kudu. Da Janar Lon Nol ya kifar da Yarima Sihanouk a Maris 1970, ƙofar nan ta rufe, komai ya koma kan hanyar Laos. Sannan Shugaba Richard Nixon na kwashe sojojinsa. Daga sama da 540,000 a 1969 sun ragu zuwa kimanin 335,000 a ƙarshen 1970, yana kuma so ya nuna wa duniya cewa sojojin Saigon sun isa su tsaya da ƙafarsu. Janar Creighton Abrams, kwamandan Amurka a Biyetnam, yana ganin idan aka ɓata wa Hanoi tanadin rani ɗaya, an sayi shekara guda ta kwanciyar hankali, kuma gara a yi tun jiragen Amurka na nan.

Sai dai majalisar dokokin Amurka ta riga ta ɗaure hannun Nixon. Doka ta hana sojan ƙasa na Amurka shiga Laos, har da mashawartan da suka saba tafiya tare da kowace bataliyar Kudu. Waɗannan mashawarta su ne ke kiran jirage da igwa ta rediyo da Turanci. Rana ɗaya aka cire su, a yaƙi mafi wuya da rundunar ta taɓa shiga.

Ga kuma batun yawa. Shekaru kaɗan kafin nan, da hafsoshin Janar Westmoreland, wanda Abrams ya gada, suka zana irin wannan farmaki, sun ƙiyasta sai an sa aƙalla manyan rundunoni uku. Yanzu kimanin mutum 17,000 aka tura da farko: runduna ta 1 ta sojan ƙasa, sojojin laima, birged ta motocin sulke, da bataliyoyin ƙundumbala, sojojin ruwa masu yaƙin tudu kuma suna jiran ko-ta-kwana. Aka ɗora Laftanar Janar Hoang Xuan Lam a kansu, mutumin da bai taɓa jagorantar yaƙi mai girman haka ba. Kwamandan sojojin laima, Du Quoc Dong, da na sojojin ruwa, Le Nguyen Khang, ba sa ganin Lam ya isa ya ba su umarni. Khang ma zamansa ya yi a Saigon da farko ya tura mataimakinsa. Waɗannan rundunoni biyu kuwa su ne garkuwar Shugaba Nguyen Van Thieu idan wani ya yi yunƙurin juyin mulki, ga zaɓe na jiransa a watan Oktoba. Tun kafin a harba harsashi ɗaya, shugaban ƙasa na da dalilin da zai sa ya ƙi barin su su ƙare a dajin Laos.

Sirri ma bai ɓoyu ba. Tun daga 30 ga Janairu sojojin Amurka suka fara gyara Titi na 9 da farfaɗo da tsohon sansanin Khe Sanh da ke cikin Kudu kusa da iyaka. An hana 'yan jarida buga labari, amma hanin kansa ya zama labari a jaridun duniya. Hanoi ba ta ma jira wannan ba. Duk mai duba taswira ya san ta hanya ɗaya kawai motar sulke za ta bi zuwa Sepon, don haka tun a ƙarshen 1970 suka kafa wata babbar runduna mai lamba 70B a yankin, suka auna tuddan da helikwafta za ta iya sauka, suka girke bindigogi suna jira.

Yadda aka gwabza

Titi na 9 a cikin Laos layi ɗaya ne, ruwa ya zaizaye shi ya yi kwazazzabai, kogin Sepon na gefensa ta kudu, bayan kogin kuma wani dogon bangon dutse. Ta arewa tuddai ne masu duhun itace. Dabarar ita ce motocin sulke su bi tsakiya, a kafa sansanonin igwa a kan tuddai ta ɓangarorin biyu su kare su. Matsalar ita ce duk wani sansani da ke kan tudu ba shi da hanyar samun ruwa, harsashi ko kwashe masu rauni sai ta helikwafta.

A ranar 10 ga Fabrairu ayarin ya isa Ban Dong, rabin hanya ke nan. A ranar ce aka harbo wata helikwafta da ke ɗauke da wasu manyan hafsoshin Lam da masu ɗaukar hoto huɗu: Larry Burrows na mujallar Life, Henri Huet na kamfanin dillancin labarai na AP, Kent Potter na takwaransa UPI da Keizaburo Shimamoto da ke yi wa Newsweek aiki. Babu wanda ya tsira. Daga Ban Dong kuma ayarin ya tsaya cak. Kwanaki suna wucewa ba umarnin ci gaba, Abrams na ta matsa lamba, Lam na jiran abin da Saigon za ta ce. An ruwaito cewa Thieu ya gaya masa ya taka a hankali, kuma idan asarar dakaru ta kai 3,000 a dakatar da komai. Ko ma mene ne ainihin kalmominsa, tsayuwar nan ita ce ta bai wa Arewa abin da take nema. Rundunoninta na 304 da 308 da 320 da wasu suka kwararo, har yawansu ya ninka na masu farmakin.

Suka fara da sansanonin arewa, ɗaya bayan ɗaya. Salon iri ɗaya ne: a kewaye tudu da bindigogin kakkaɓo jirgi har helikwafta ta kasa sauka, a yi ta narka masa igwa mai milimita 122 da 130, wadda ta fi ta 'yan Kudu cin nisa, sannan a matso dab da shinge. Suna da wata magana tasu, cewa ka kama abokin gaba a ɗamara sannan ka yaƙe shi, domin idan kun cakuɗe B-52 ba ta da yadda za ta yi.

Bataliya ta 39 ta sojojin ƙundumbala ce ta fara shan wannan. A ranar 18 ga Fabrairu wata helikwaftar ɗaukar marasa lafiya ta Amurka ta faɗi a sansaninsu, wani ma'aikacinta mai suna Dennis Fujii ya maƙale a can, shi kaɗai Ba'amurke. Yana da rauni a jikinsa, amma ya hana a sake turo jirgi dominsa saboda tsananin wuta. Ya koma yana ɗaure wa sojojin Kudu raunuka, kuma da yake shi ne mai jin Turancin matuƙa, shi ya riƙe rediyo yana nuna wa jirage inda za su jefa bam. Sai a 2022 aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka. Jarumtarsa abin yabo ce, amma ta kuma tona asirin shirin: bataliya guda ta dogara ga wani ƙaramin soja da hatsari ya jefo mata domin ta yi magana da jiragen da aka ce su ne kariyarta. Fiye da rabin bataliyar sun mutu, ko sun jikkata, ko sun ɓace.

Ranar 25 ga Fabrairu tankokin Arewa suka hau tudun da ake kira Sansani na 31, hedikwatar birged ta 3 ta sojojin laima. Ana cikin artabu aka harbo wani jirgin yaƙin Amurka, sai jirgin da ke jagorantar hare-haren sama ya bar sansanin ya tafi neman matuƙan. Motocin sulken da aka ce su kawo ɗauki daga Ban Dong ba su iso ba, domin umarnin Lam dabam, na Dong kwamandan sojojin laima dabam. Sansanin ya faɗi, aka kama kwamandan birged ɗin, Kanar Nguyen Van Tho. Ba a jima ba aka bar Sansani na 30 shi ma.

A nan ne manufar ta sauya, kuma a ganina nan ne gaba ɗaya al'amarin ya lalace. Maimakon a zauna a kan hanyar, sai aka koma neman a taka Sepon kawai don a ce an taka. Aka yi tsallen helikwafta daga tudu zuwa tudu a kan bangon dutsen kudu, wuraren saukar da aka laƙaba wa sunayen Lolo, Liz da Sophia. A Lolo, ranar 3 ga Maris, an harbo helikwafta goma sha ɗaya, aka illata gommai. Ranar 6 ga Maris, bayan B-52 sun share fage, helikwafta 120 suka kwashi bataliya biyu daga Khe Sanh suka sauke su a wani fili mai suna Hope kusa da Sepon, ɗaya daga cikin jigilar sama mafi girma a duk yaƙin. Suka shiga kufan garin, suka tarar da wasu rumbuna da gawarwakin waɗanda bam ya kashe. A lokacin kuwa masu hanyar sun riga sun karkatar da motocinsu zuwa rassan da ke yamma. Ranar 9 ga Maris Thieu ya amince a janye. Abrams ya roƙi a ƙaro wata runduna a ci gaba da zama har damina, Thieu ya ƙi.

Janyewa

Ja da baya a gaban maƙiyin da ya fi ka yawa shi ne aiki mafi wuya a soja, balle a kan titi ɗaya da ke tsakanin kogi da dutse. Gaba kura, baya siyaki. 'Yan Arewa suka datse Titi na 9 da kwanton ɓauna, suka dira kan sansanonin kudu. Bataliyar da aka bari ta tsare baya bayan faɗuwar Lolo kusan ƙarewa ta yi. Ayarin motocin sulke ya bar titi ya kutsa daji yana neman mashigi, sai da aka kawo buldoza ta sama aka sassare gaɓar kogi kafin ya haye, ya bar fiye da rabin tankokinsa a baya, wasu ba abin da ya same su illa ƙarewar mai ko lalacewar inji. Sojojin ruwa da aka shigo da su daga baya suka yi ta fama a sansanin Delta har ya faɗi. Zuwa 25 ga Maris kusan kowa ya fito.

Hotunan da duniya ta gani su ne na sojoji rataye da ƙafafun helikwafta. Hoton gaskiya ne, amma ina ganin an zalunci mutanen nan da aka mayar da shi shi ne labarinsu duka. Bataliyoyi da dama sun yi makonni a kan tudu ba isasshen ruwa, gawarwakin 'yan'uwansu na gefensu, suna mayar da wuta. Wanda ya ga jirgi na ƙarshe zai tashi ya bar shi, abin da zai yi ke nan. Laifin na waɗanda suka ajiye su a can ne ba tare da shirin fito da su ba.

Lissafin asara ya danganta da wanda ka tambaya. Saigon ta amsa cewa an kashe mata sama da 1,500, an jikkata sama da 5,000, ɗaruruwa sun ɓace. Amurka ta rasa mutum sama da 200, an kakkaɓo mata helikwafta fiye da 100, an illata sama da 600. Ɓangaren Saigon da Amurka sun ce sun kashe 'yan Arewa sama da 19,000, Hanoi ta ce mamatanta 2,000 da 'yan kai ne, masu rauni kimanin 6,000. Ranar 7 ga Afrilu Nixon ya fito a talabijin ya shaida wa Amurkawa cewa shirin miƙa yaƙi ga 'yan Biyetnam ta Kudu ya yi nasara. Hanoi ita ma ta yi shelar gagarumar nasara.

Masu kare farmakin suna cewa ya ci wa Arewa mutane da kaya, ya kuma hana ta kai babban hari a 1971. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin B-52 sun yi mummunar ɓarna a kan rundunonin da suka taru wuri ɗaya. Amma abin da aka tafi yi shi ne datse hanya, kuma cikin 'yan makonni na'urorin Amurka da kansu suka nuna motoci sun dawo suna wucewa ta yankin Sepon. Hanyar da ƙarfinta ke cikin yawan rassa da saurin gyara, ba abin da zai tsayar da ita sai soja ya zauna a kanta wata da watanni yana hana mai shebur fitowa. Saigon ba ta da yawan dakarun da za su yi wannan zama, Thieu ba shi da niyyar sadaukar da waɗanda yake da su, Amurka kuma ta riga ta kama hanyar gida. Hanoi kaɗai ce a cikinsu ta ɗauki wurin a matsayin batun rai da mutuwa, ta kuma zuba duk abin da take da shi.

Abin da ya biyo baya

Ranar 30 ga Maris, 1972, shekara guda da fitowa daga Laos, Arewa ta kawo farmaki mafi girma zuwa lokacin, da ɗaruruwan tankoki, ta fuskoki uku, biyu daga cikinsu da kayan da suka bi ta wannan hanya. Garin Quang Tri ya faɗi a farkon Mayu, sai a sannan Thieu ya sauke Lam ya naɗa Ngo Quang Truong. Bayan yarjejeniyar tsagaita wuta ta Faris ta Janairun 1973 jiragen Amurka suka daina zuwa, Rukuni na 559 ya faɗaɗa hanyar ta zama ta rani da damina, bututun mai ya gangara har yankin Loc Ninh, arewa da Saigon. Tafiyar da ke cin watanni ta koma ta 'yan makonni. Saigon ta faɗi ranar 30 ga Afrilu, 1975.

Akwai mutanen da ba a cika sa su cikin wannan lissafi ba, su ne masu ƙasar. Tsaunukan nan gidajen ƙananan ƙabilu ne irin su Bru da Ta Oi, manoman shinkafar tudu, waɗanda babu wanda ya nemi yardarsu, ko masu shimfiɗa hanya ko masu jefa bam. Tsakanin 1964 da 1973 an jefa wa Laos bama-bamai sama da tan miliyan 2 a hare-hare kimanin 580,000. A ciki akwai ƙananan bama-bamai masu tarwatsewa kusan miliyan 270, kowanne bai fi cikin tafin hannu ba, kuma kimanin kashi 30 cikin ɗari ba su fashe ba. Suna nan cikin gonaki. Manomi ya kai fartanya, ko mace ta hura wuta a ƙasan da ba a bincika ba, ko yaro ya tsinci abu mai kama da ƙwallo. Sama da mutum 20,000 ne suka mutu ko suka nakasa tun bayan da yaƙin ya ƙare, kuma lardin Savannakhet, inda Sepon take, yana cikin waɗanda abin ya fi shafa.

A Vientiane, babban birnin Laos, aka yi taron farko na ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar haramta irin waɗannan bama-bamai, a 2010. Amurka ba ta cikin yarjejeniyar. A Satumban 2016 Barack Obama ya zama shugaban Amurka na farko da ya ziyarci Laos yana kan mulki, ya yi alƙawarin dala miliyan 90 cikin shekara uku don aikin tono. A shekarar ce kuma gwamnatin Laos ta ƙara wa kanta buri na 18 a kan muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, na kuɓutar da jama'arta daga bama-baman da ba su fashe ba. Har yanzu a gundumar Sepon, kafin a gina makaranta ko a buɗe sabuwar gona, sai ma'aikata sun bi filin taki-taki da na'urar gano ƙarfe.